Turbo Iska Yake Turawa, Ba Mai Ba

Na gaji da jin wata magana da ke yawo tsakanin samarin da ke wasa da mota da masu yi musu gyara. Wai idan ka sa babban turbo ko ka ƙara wa naka matsi, injin da kansa zai ja man da ya ishe shi. Wannan magana ce ta kashe wa ɗan yayata Passat mai injin 1.8T, wadda daga kamfani take ba da ƙarfin doki 150 ba tare da ta dami kowa ba. Sati uku bayan canjin turbo ya kira ni: "Kawu, injin ya buga." Da aka buɗe, na riƙe fistin ɗin a hannuna. Gefensa ya zaizaye kamar sabulun da ɓera ya ci, filoginsa fari fat da ɗigo-ɗigon ƙarfe a jiki. Mai gyaran kuwa ko a jikinsa, wai man gidan mai ne ba kyau.

Turbo dai fanka ce da hayaƙin salansa ke juyawa, tana cusa iska cikin injin. Iyakar aikinta ke nan. Fetur yana ƙonewa daidai ne idan awo ɗaya na mai ya haɗu da awo 14.7 na iska, a ma'aunin nauyi. Amma in an taka totur turbo ya ɗauka, masu saita injin kan sauko da shi wajen 11.5 zuwa 12, domin rarar man tana sanyaya cikin silinda. Matsin ba 1 (bar, ma'aunin matsi) kuwa kusan ninka iskar yake yi, ke nan man ma sai an kusan ninka shi. Daga ina zai fito?

Za su ce ai ƙwaƙwalwar mota na nan. Gaskiya ne tana ƙara mai, amma ba ta da wata dabara face ta bar nozul a buɗe ya ɗan jima. Yi lissafi da kanka. Injin da ke juyawa sau 6,000 a minti, kowace silinda tana da kashi ɗaya cikin 50 na sakan ne kafin zagayenta ya dawo. In nozul ya cinye wannan lokaci duka a buɗe, shi ke nan, tura ta kai bango. Shi ya sa masana ba sa son ya wuce kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari. Ga kuma famfon mai da ke cikin tanki. A irin waɗannan injuna matsin mai kan fara daga ba 3 ko 4, kuma dole ya riƙa hawa tare da matsin turbo, alhali kowane famfo yawan man da yake turawa raguwa yake yi in matsi ya ƙaru. Wato a daidai lokacin da injin ya fi ƙishirwa, a nan famfon ya fi gajiya. Bare famfon motar da ta yi shekara 20 kafin ta iso daga Kwatano.

Mugun abin shi ne ƙarancin mai ba ya sa mota sanyin jiki da farko. Takan ma yi zafin nama, yaro ya yi ta murna, ga zafi na taruwa a ciki. Sai man ya fara fashewa ba bisa ƙa'ida ba, ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, in kiɗan da ka ƙure ya bar ka ka ji. Kuma a tsakiyar titi ake wannan gwaji, inda 'ya'yan mutane ke tsallakawa. Haba!

Zafin iska, lokacin tartsatsin filogi da ingancin fetur su ma suna da hannu a wannan fashewar man.

In ka nace sai ka ƙara ƙarfin turbo, fara daga tanki. Sa famfon da ya fi naka, irin Walbro mai tura lita 255 a awa, ka tabbatar na asali ne don jabunsa ya cika kasuwa. Ja masa waya mai kauri da rile nasa, domin famfon da wuta ba ta isarsa rago ne komai sunansa. Canza filta, ka daina shan man 'yan bumburutu, kada kuma ka bar tanki ya yi ƙasa sosai, a kwana mai kan kauce famfo ya zuƙi iska. Duba ƙaramin tiyon da ke kai matsin turbo ga na'urar daidaita matsin mai. In ya tsage ko ya fice, duk wahalarka ta tashi a banza. Tiyon mai kuwa a sa wanda aka yi don matsi, ba na ruwa ba, turbo ja yake yi don zafi, ɗigo kaɗan ya isa gobara. Sai a zo kan manyan nozul, kuma ranar da aka ɗaura su ranar za a sake saita ƙwaƙwalwa. In ba haka ba za ta buɗe su da tsohon lissafi, mai ya yi ambaliya, baƙin hayaƙi ya tashi, fetur ya wanke bangon silinda ya sauka cikin baƙin mai. Masu Golf GTI ta 2005 zuwa sama su sani nasu daban ne, akwai famfo na biyu a jikin injin mai matsin da ya haura ba 100.

Kafin ka taka totur ko sau ɗaya, ɗaura agogon da ke auna haɗin iska da mai daga salansa, mai faffaɗan karatu, ba ƙaramin na kamfani ba. In turbo ya ɗauka ka ga lamba ta haura 13, ɗage ƙafarka nan take.