Kafin ka lulluɓe ƙasan kwale-kwalenka da yadin faiba, karanta wannan

Tun da aka ga ƙaramin kwale-kwalen da muka haɗa ni da wani kafinta ɗan Yawuri a bakin kogin Neja a Anacha, mutane ke tambayata wane yadi muka shimfiɗa a ƙasansa. Mun yi shi ne don ɗauko wa shanun Baba ciyawa daga fadamun bakin kogi. Na ga gara in yi bayani a nan kowa ya amfana, domin sai da na yi asara kafin in gane kan abin.

A karon farko gaggawa na yi. Katakon bai gama bushewa ba, ga kwaltar da muka toshe haɗin da ita, na kawo faiba na manna a kai. Da ido ya yi kyau. Ba a yi wata uku ba, ranar da muka yi lodin ciyawa, yadin ya ɗaye daga gaba kamar ɓawon rogo, ruwa ya fara shigowa. Ƙanena na ciki, bai iya iyo ba. Da kwarfar ruwa muka kai gaɓa. Allah ne ya kiyaye.

Abu na farko, ka san ruwan da jirginka zai zauna. A Anacha ruwan daɗi ne, babban abokin gaba yashi. Da rani kogi na janyewa, tudun yashi ya fito, kullum ka ja jirgi a kai kamar kana goga masa samfefa ne. A Fatakwal kuwa ruwan rafukan da gishiri-gishiri, kuma akwai wata tsutsa mai huda katako ta ciki, sai ka ga waje lafiya lau, ciki ya zama rariya. A can dole a rufe duk inda ruwa ke taɓawa, kada a bar ko tafin hannu.

Yadin kuma iri-iri ne. Akwai tabarmar faiba, wadda zarenta yake a barbaje. Ita ta fi yawa a kasuwa, ana samun mai nauyin giram 300 ko 450 a kowace murabba'in mita. Tana da araha, amma tana shan ruwan faiba, wato rezin, fiye da ninki biyu na nauyinta, jirgi ya yi nauyi. Akwai saƙaƙƙen yadin faiba, mai kamar giram 200, wanda ya fi ƙarfi kuma rezin kwatankwacin nauyinsa yake sha. Sai irin su Dynel da Xynole, waɗanda masu haɗa jirgi a Amurka ke amfani da su. Ba sa ƙara wa jirgi ƙarfi sosai, amma sun fi jure gogayya, sai dai samunsu a nan da wuya. Kevlar kuwa ka bar shi: ga tsada, almakashi ba ya yanka shi da daɗi, in ka goga samfefa sai ya yi gashi-gashi. Ni saƙaƙƙen na zaɓa, na ninka shi biyu a tsakiyar gindin jirgi da gaba, inda ke cin yashi.

Rezin ma biyu ne, kuma a nan aka fi cutuwa. Foliyesta ya fi araha, da shi ake ƙera jiragen faiba zalla, amma riƙonsa a jikin katako ba shi da ƙarfi. Ifoksi ya fi tsada, amma yana kama katako gam, yana kuma hana ruwa shiga. Ka lura: tabarmar faiba da foliyesta aka yi ta ta tafi, galibi ba ta jiƙuwa da kyau da ifoksi. In ifoksi za ka saya, nemi saƙaƙƙen yadi.

Ga yadda muka yi a karo na biyu. Mun kife jirgin a ƙarƙashin rumfa har ya bushe ƙarau. Lokacin hunturu ya fi dacewa, amma a kare shi daga ƙura. Mun kankare fenti, kwalta da duk tabon man inji, muka goge da samfefa mai kaushi. Mun nutsar da kan ƙusoshi, muka cike ramuka, muka kuma zagaye gefuna masu kaifi, don yadi ba ya kwanciya a kan kusurwa. Daga nan muka shimfiɗa yadin a bushe, muka yanka, kowane haɗi ya hau ɗan'uwansa da kamar santimita 5.

Wajen haɗa rezin kada ka yi "ai na saba". Ifoksi sai da awon da aka rubuta a jikin galan, ba ƙari ba ragi. Foliyesta kuma hadinarsa kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ne. Ka riƙa haɗa kaɗan-kaɗan, domin a zafin nan mai yawa yana ɗaukar zafi ya daskare a cikin roba kana kallo. Shafa daga tsakiya zuwa gefe da rola har yadin ya koma garau. Duk inda ka ga fari, bai sha ba ko iska ta maƙale. Yamma ta fi safe, saboda katako in yana ɗumama yana fitar da iska, sai kumfa ta taso. Bayan ya kama, a ƙara shafi biyu don cike saƙar, sannan a yi fenti, domin rana na lalata ifoksi. Ka sa safar hannu da takunkumi, hadinar foliyesta kuma kada ta kusanci ido.

Gaskiya ɗaya da mai saida kaya ba zai faɗa maka ba: faiba ta fi zama a jirgin filawud. Jirgin falankai masu kauri yana kumbura yana motsewa, yana iya tsaga yadin, ruwa ya shige ƙarƙashi ya ruɓar da katako ba ka sani ba. Tsohon jirgi da ya fara ruɓa kuwa, rufe shi da faiba ɓoye cuta ne kawai.

Namu yanzu ya ci damina biyu. Duk wata nakan kife shi in ƙwanƙwasa; inda ya yi ƙarar fanko, nan take nake kankarewa in yi faci. Kuma tun daga waccan rana, ba mai shiga jirgin nan sai da rigar kariya. Allah ya tsare mu a ruwa da tudu.