Layin Gida da Layin Baƙunta: Shirin Waya ga Mai Zaman Ƙasar Waje

Wanda zai tafi zaman ƙasar waje, karatu ne ko aiki ko kasuwanci, yakan shirya komai tsaf: fasfo, biza, tikiti, har da kilishi da yaji da daddawa a ƙasan jaka. Abin da ba kasafai yake tunawa da shi ba shi ne ɗan guntun sim ɗin da ke cikin wayarsa. Ni sana'ata sayar da waya ce a kasuwar Farm Centre ta Kano, kuma saro kaya ya sa na yi zama a unguwar Deira ta Dubai da birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Tambayar da masu shirin tafiya suka fi yi mini a shago ita ce, "Alhaji, wane layi ne ya fi arha a can?" Ni kuwa nakan ce musu a ajiye maganar arha tukuna. Akwai abubuwa uku da ke gabanta: yadda za ka yi da layinka na gida, abin da dokar ƙasar da za ka je ta yarda da shi, da kuma irin wayar da ke hannun wanda za ka riƙa kira.

Layin gida ba na yarwa ba ne

Kafin wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, mutanenmu mazauna Makka da Jidda sukan naɗi murya a kaset su ba alhazai masu komawa gida, a taru a tsakar gida a saurara. A wancan zamani babu abin da mutum zai yi asara in ya bar ƙasa sai ganin dangi. Yanzu lambar waya ta zama shaidar mutum. Tun daga watan Disamba na 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN, kuma a kan wannan layin ne banki ke turo alat da lambobin nan na sirri da ake buƙata kafin a fitar da kuɗi. A kansa WhatsApp ɗinka yake, da shi abokan ciniki suka san ka.

Ƙa'idar hukumar sadarwa ta NCC kuwa a fili take. Layin da ya yi wata shida ba a yi wani abu na kuɗi da shi ba, kamfani na da ikon rufe shi, in an ƙara jimawa a sayar wa wani lambar. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, to layin waya ma haka yake.

Wani bawan Allah da ya yi shekaru yana tuƙi a Riyad ya taɓa zuwa shagona bayan ya dawo. Ya buɗe walat ya zaro sim ɗinsa a naɗe cikin takardar rasit, ya adana shi ƙal kamar sabo. Muka saka a waya, sandunan sabis ko ɗaya bai tashi ba. Na ɗauki tawa wayar na kira lambar, sai ga muryar wata mata tana tambayar wa ke magana. Ya yi shiru yana kallon sim ɗin, can ya ce, "To Alhaji, alat ɗina fa, wajenta yake zuwa ke nan?" Amsar ita ce e, har sai ya je banki da kansa ya sauya lamba.

Maganin wannan ba shi da tsada. Kafin ka tashi, ka tabbatar an buɗe wa layinka damar aiki a ƙetare, abin da ake ce wa romin. Ka tafi da waya mai sim biyu, na gida ya zauna a ɗaya ramin. Shigowar saƙon tes galibi kyauta ne ko kana waje, don haka lambobin banki za su riƙa iso maka. Amma ka kashe datar wannan layin, kuma ka rage amsa kira da shi, domin a romin har mai amsa kira ana cirar masa kuɗi. Duk wata ɗaya ko biyu ka saka masa kati kaɗan ta manhajar bankinka, ka tura tes guda. Kamfanin MTN ma yana da tsarin da ya kira Keep My Number, inda za ka biya a riƙe maka lambar tsawon lokaci ko ba ka amfani da ita. Masu barin sim a hannun ƙane ko aboki don ya riƙa raya shi, su san cewa mabuɗin asusunsu suka bar masa. 'Yan'uwanmu na Nijar masu layin Airtel, Moov ko Zamani su ma su bincika wa'adin kamfaninsu kafin su ƙetare iyaka.

Kowace ƙasa da ƙa'idarta

Romin na riƙe lamba ne kawai. Rayuwar yau da kullum sai da layin ƙasar da kake, kuma nan ne dokoki suka bambanta.

A Saudiyya manyan kamfanoni uku ne: STC, Mobily da Zain. Akwai ƙanana irin su Lebara da Virgin Mobile da ke hawa kan turakun manyan, kuma baƙi ma'aikata sun fi son su saboda tsarin kiran ƙasashen waje. A 2016 aka wajabta ɗaukar hoton yatsa kafin a ba da layi. Mai ziyara ko umara zai yi rajista da fasfo da bizarsa, mazauni kuma da igamarsa, wato katin izinin zama. Layin can ba na hira kaɗai ba ne, domin ta kansa ake shiga manhajar Absher, wadda ake sabunta takardu da ita. Shi ya sa nake jan kunnen duk mai tafiya: kada ka sayi layi a bakin titi wanda aka yi wa rajista da sunan wani, kada kuma ka ɗora yatsanka don a buɗe wa wani. Duk abin da aka aikata da lambar, mai yatsan za a nema. Game da kira ta intanet, a watan Satumba na 2017 hukumomin ƙasar suka sassauta takunkumi, amma kiran WhatsApp ya daɗe yana ba mutane wahala. Dalilin ke nan da za ka ga tsohuwa a Kurna ko Fagge da manhajar IMO a wayarta, ɗanta da ke Jidda ne ya sa aka saka mata.

A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kamfanoni biyu ne ke riƙe da kasuwa, Etisalat da du. Mazauni sai da katin shaidar zama na ƙasar zai sami layi na dindindin. Saƙon WhatsApp na rubutu da na murya yana tafiya lafiya lau, amma ka danna kira ka ji shiru. Manhajar da aka yarda da ita kuma kowa ke amfani da ita ita ce Botim, sai dai dole na gida ma ya saukar da ita. Da yawa sukan kauce ta hanyar VPN, manhajar da ke ɓoye adireshin intanet. A sani cewa dokar ƙasar ta tanadi tarar dirhami 500,000 zuwa miliyan 2 ga wanda ya ɓoye adireshinsa na intanet don aikata laifi. Baƙo da ke neman halalinsa bai kamata ya riƙa wasa kusa da irin wannan doka ba.

Ƙasar Sin ita ce ta fi girgiza sabon zuwa. An toshe Facebook tun 2009, WhatsApp tun 2017, Google ma ba ya aiki. Layin China Mobile, China Unicom ko China Telecom sai ka je ofishinsu da fasfo, kuma tun ƙarshen 2019 har hoton fuska ake ɗauka. Komai a can WeChat ne: da shi za ka yi ciniki da mai masana'anta, da shi za ka biya kuɗin tasi da na shinkafa a Xiaobei, unguwar da 'yan Afirka suka fi taruwa a Guangzhou. Ga wani sirri da 'yan kasuwa suka sani: datar layin waje da ke romin tana bi ta ƙasar da layin ya fito ne, don haka WhatsApp yana buɗewa a kanta. Saboda haka za ka ga mutum da lambar Sin don harkar kasuwa, da wata datar ta waje don gaisawa da iyali.

Ingila kuwa sassauci ne da ita. Za ka shiga kantin unguwa ka sayi sim na Lebara ko Lycamobile ba tare da an tambaye ka takarda ba, kuma tsare-tsarensu na wata-wata sukan haɗa da mintunan kiran waje. Sai dai ka duba da idonka ko Najeriya ko Nijar na cikin jerin ƙasashen, don ba kullum suke ciki ba. Wanda ke ƙasashen Tarayyar Turai yana da wata garaɓasa: tun 15 ga Yuni 2017, layin Jamus yana aiki a Faransa ko Italiya a kan farashin gida.

Ɗalibanmu masu tafiya Turkiyya da Masar su kula da wani tarko daban, wanda ya shafi wayar kanta. A Turkiyya, wayar da aka shigo da ita daga waje tana aiki da layin ƙasar na kwana 120 ne, daga nan a toshe ta sai an biya harajin rajista mai nauyi. Masar ma ta fara irin wannan tsari a farkon 2025. Sau da yawa gara ka sayi matsakaiciyar waya a can, ta gida ka bar ta a kan wayifai.

Duba wayar kafin ka duba layin

Nan ne sana'ata ta shigo. Wayoyi da yawa da ake kawowa daga Amurka a kulle suke da kamfani ɗaya, ba sa karɓar wani sim. Ingila ta hana sayar da irinsu tun Disamba 2021, amma tsofaffi na nan suna yawo a kasuwa. Kafin ka biya kuɗi, saka sim na kamfanoni biyu daban ka gani. Sannan iPhone ɗin da aka yi don kasuwar Amurka, daga 14 zuwa sama, ba shi da ramin sim sam, sai eSIM, wato layin da ake saukarwa cikin waya ta hanyar ɗaukar hoton wata alama. Akasarin na kasuwar Sin kuma ramin sim biyu gare su, babu eSIM. Danna *#06# a wayarka. In ka ga wata doguwar lamba mai suna EID, tana karɓar eSIM.

Amfanin eSIM ga matafiyi shi ne kwanakin farko. Kamfanoni irin su Airalo da Holafly suna sayar da datar kusan kowace ƙasa tun kana gida, jirgi na sauka ka kunna ka sanar da iyali ka iso, ka nemi mai tarbarka. Amma yawancinsu data ce zalla, babu lambar waya, kuma sun fi layin ƙasa tsada in zama ya yi tsawo. Banki da mai gidan haya da wajen aiki duk lambar ƙasar za su nema.

Intanet na ɗaki ma akwai lissafi. Na waya da ake ja har cikin gida ya fi ƙarfi da arha in ana da yawa, amma kusan kullum da kwantiragi yake zuwa, na shekara ɗaya ko biyu, kuma wanda ya fita kafin wa'adi sai ya biya tara. Wanda bai san ko zai kai baɗi a gidan da yake ba, gara ya sayi ƙaramar rauta mai cin sim, in ya tashi ya tafi da abarsa. In kuma ɗaki ɗaya kuka haɗa kuɗi, wanda sunansa ke kan takarda shi ke da bashin, ko da sauran sun watse. Ranar barin ƙasa, ka je ka rufe kwantiragin ka karɓi shaida a rubuce, don kada bashi ya taru a kan lambar igamarka ya jira ka a dawowa.

Wanda ke ɗaya bakin layin

Duk wannan shiri na banza ne in ba a yi lissafi da mutumin da ke gida ba. Kiran murya ta intanet bai cika cin megabait ɗaya a minti ba, na bidiyo kuwa yana cin ninkin haka sau da yawa, kuma datar ɓangarorin biyu yake ci. Kai kana kan wayifai kyauta a Landan, ƙanwarka a Gumel tata ce ke ƙonewa. Abin da ya dace, in za ka aika kuɗin cefane ka haɗa da data, ta manhajar banki ko ta kamfanoni irin su Ding masu tura kati ƙasashen waje.

Iyayenmu da yawa kuma ƙaramar waya mai tocila suke riƙewa, ba ruwansu da shafa gilashi. Irin su sai kira kai tsaye. Skype da aka daɗe ana amfani da shi wajen wannan an rufe shi a watan Mayu na 2025, amma akwai Rebtel da Yolla da makamantansu: kai kana kira ta intanet, ita Hajiya wayarta na ƙara kamar kowane kira. Ka gaya mata tun wuri cewa wani lokaci baƙuwar lamba za ta gani, don kada ta ƙi ɗauka.

Sabis ɗin gida ma yakan ɗauke, wani lokaci da gangan. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, sannan aka rufe a wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Mutanen Sudan sun ga irin wannan a Fabrairun 2024, lokacin da yaƙi ya katse sadarwa a yawancin ƙasar. Waɗanda suka ji labarin iyalinsu a irin waɗannan lokuta su ne masu lambar wani ɗan'uwa a wani gari, ko direban da ke zirga-zirga zuwa ƙauyensu.

Don haka kafin ka hau jirgi, ka zauna da mutanen gida ku yanke manhajar da za ku riƙa magana da ita, a saka ta a wayoyinsu a gwada a gabanka. Ka karɓi lambobi biyu ko uku na maƙwabta da dangi masu layin kamfanoni daban-daban, ka rubuta su a takarda, ba a waya kaɗai ba. In ka gama wannan, sai ka dawo shago mu yi maganar wane layi ne ya fi arha.