Wasa Shi Ne Karatun Ƙaramin Yaro

A yawancin ƙananan makarantun nazare da ke unguwanninmu, ma'aunin da iyaye ke auna ingancin makaranta da shi bai wuce littafin rubutu ba. Idan yaro ɗan shekara uku ya dawo gida da shafi cike da baƙaƙe da lambobi, ga kuma aikin gida, sai uba ya ce kuɗinsa bai tafi a banza ba. Idan kuwa ya dawo da ƙura a riga da sabuwar waƙa a baki, sai a ce malamai sun yi sakaci. Wannan ma'auni karkatacce ne. Ga yaro ɗan shekara uku zuwa biyar, wasa da waƙa da tatsuniya da motsa jiki su ne darasin kansa, kuma makarantar da ta hana shi su ta tauye masa karatu.

Wannan ba sabon zance ba ne. Tun a 1840 Friedrich Froebel ya raɗa wa makarantarsa ta yara a Jamus suna Kindergarten, ya kuma gina ta kan wasa da waƙa da aikin lambu. A 1907 Maria Montessori ta buɗe tata a wata unguwar talakawa ta birnin Rum, inda yara ke koyo ta hanyar taɓa abubuwa da yi wa kansu hidima. A garin Ypsilanti na Amurka, daga 1962, an bibiyi yara 123 'ya'yan talakawa, wasu sun shiga makarantar Perry wadda ke ba yaro damar zaɓar aikinsa, wasu ba su shiga ba. Da suka kai shekara 40, waɗanda suka shiga sun fi yawan kammala sakandare da samun abin yi, sun kuma fi ƙarancin shiga hannun hukuma. Ita ma Manufar Ilimi ta Nijeriya, a bugunta na 2004, ta tanadi cewa wasa ne babbar hanyar koyarwa a wannan mataki, kuma malami ɗaya ya riƙe yara 25. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa a 2019 ta ba da shawarar ɗan shekara uku zuwa huɗu ya samu aƙalla minti 180 yana motsa jiki a kullum.

Dalilin hakan a fili yake ga wanda ya lura da hannun yaro. Riƙon fensir aiki ne na yatsu uku, kuma a waɗannan shekaru ba su gama ƙwari ba, shi ya sa za ka ga yaro ya dunƙule fensir a tafinsa yana danna shi har takarda ta yage. Abin da ke ƙarfafa yatsun shi ne murza yumɓu, zura tsakiya a zare, yaga takarda da wasan carafke. Haka ma lissafi: yaron da ke rera ɗaya zuwa ɗari bai san biyar ba sai ranar da aka zube masa ƙwallon dabino ya ware biyar, ya ba abokinsa biyu, ya ga saura uku. Labarin Gizo da Ƙoƙi yana koya masa sauraro da jera abin da ya faru daki-daki, kacici-kacici na wasa masa ƙwaƙwalwa, langa da 'yar gala-gala na koya masa tsayuwa da jiran layi. Don haka yinin makaranta nagari zai fara da gaisuwa da addu'a, sai waƙa da labari, sai aikin hannu, sai wanke hannu da cin abinci, sai wasan fili, sannan a ɗan huta.

Wasu za su ce ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wanda ya riga fara rubutu zai riga tsara. Amma a Finland sai yaro ya kai shekara bakwai yake shiga firamare, kuma hakan bai hana ɗalibanta yin suna a karatu ba. Wasu za su kawo misalin makarantar allo, inda ƙanana ke haddace surori. Wannan gaskiya ne, sai dai haddar da kunne da baki ake yin ta, abin da ya dace da yaro, kuma malam ne ke rubuta masa allo har hannunsa ya nuna. Masu makaranta kuma kan ce ba su da kuɗin kayan wasa. To, murafen kwalba, karan dawa, kwali, yashi da inuwar bishiya ba sa bukatar jari. Abin da ke da wuyar samu shi ne malama mai haƙuri wadda aka horar, domin wasan da ake nufi ba sakin yara su yi ta gudu ba ne, shiri ne da ake sa wa ido, kowane aiki da manufarsa.

Saboda haka, iyaye, idan za ku zaɓa wa ɗanku makaranta, ku shiga aji ku gani da idonku. Ku ƙirga yaran da ke hannun malama ɗaya, ku duba ko akwai filin wasa da ruwan wanke hannu, ku tambayi yadda ake tafiyar da yini, sannan ku daina matsa wa malamai su ba ɗan shekara uku aikin gida.