Gawayin gashi a bayan gida: a ci nama, icce kuma ya tsaya

Idan Babbar Salla ta gabato, kurayen shanu da na jakkai sukan yi ta shigowa birnin Damagaram da lodin itace, daga Birni har Zango da Sabon Gari. Kowane magidanci yana neman abin da zai gasa ragon layyarsa, ga mahauta masu tsire da balangu, ga kuma masu shayi da ba sa rabuwa da garwashi dare da rana. Kuɗin buhun gawayi yakan hau a wannan lokaci. Alhali kuwa mai gona, ko mai bishiyar bedi a ƙofar gida, yana iya yin gawayinsa da kansa a cikin tano guda, ba tare da ya kayar da icce ko ɗaya ba.

Gadon maƙera

Yin gawayi ba baƙon aiki ba ne a ƙasar Damagaram. Tun zamanin da, maƙera sun san wutar itace ba ta isa ta narka tama, sai gawayi. Wanda suka fi so shi ne na ƙirya, domin yana da nauyi, yana da zafi, kuma yana daɗewa bai zama toka ba. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, ya kuma rasu a 1884, an ƙera igwa an haɗa albarushi a nan Damagaram. Dukan ayyukan biyu da gawayi ake yin su.

Amma sarautar da ta ci gawayi haka ita ce kuma ta tsare icce. Tarihin baka ya riƙe cewa sarakunan Damagaram sun hana saran gawo, har da horo mai tsanani ga wanda ya karya dokar. Dalilin a fili yake: gawo yana zubar da ganye da damina, ya bar gero ya sha rana, ya taki ƙasa, da rani kuma ƴaƴansa su ciyar da dabbobi. Mutanen da sun san iccen da ake kai wa wuta da wanda ake bari.

Abin da wuta ke yi wa icce

Gawayi icce ne da aka dafa cikin ƙarancin iska. Da farko zafi yana korar ruwan da ke jikinsa, shi ne farin hayaƙi mai kauri. Idan zafi ya kai wajen digiri 280, sai iccen ya fara sakin mai da tururinsa, hayaƙi ya koma ruwan ɗorawa mai yaji a ido. Tsakanin digiri 400 da 500 aiki ya kammala. In iska ta yi yawa, sai a tarar da toka. In ta yi kaɗan ƙwarai, sai wuta ta mutu icce bai nuna ba.

Akwai hasara a cikin wannan aiki, kuma ya kamata a faɗe ta. A ramin gargajiya da ake rufewa da ciyawa da ƙasa, kilo 100 na busasshen icce yakan ba da kilo 10 zuwa 15 na gawayi. A tano da aka kula da shi da kyau ana iya samun wajen kilo 20. Gaskiya ne kilo guda na gawayi ya kusa ninka kilo guda na itace wajen zafi, amma duk da haka fiye da rabin ƙarfin iccen yana tafiya cikin hayaƙi. Saboda haka gawayi na gashi ne da shayi. Wanda zai dafa tuwo, itace a ingantaccen murhu ya fi masa tattali.

Wane icce?

Fari na 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun bar gonaki da yawa tsirara. Tun daga shekarun 1980 manoma suka rungumi sassabin zamani: maimakon a tumɓuke tohon da ya fito daga kututture, sai a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a sare sauran. A ƙasashen Magarya, Matamai da Mirya wannan aiki ya mai da gawo cikin gonaki, kuma masu bincike sun ƙiyasta cewa a faɗin Nijar ya shafi wajen hekta miliyan 5, da itatuwa kamar miliyan 200.

Rassan da ake ragewa kowace shekara su ne abincin tano. Na sabara, geza, kalgo, bagaruwa, aduwa da bedi duk suna yi, haka ma ƙwallon goriba. Icce mai tauri ya fi ba da gawayi mai daɗewa. Ƙirya kuwa ta yi ƙaranci, sai a bar ta ta hayayyafa. Katako mai fenti ko wanda aka shafa wa maganin gara ba ya shiga, domin gubarsa za ta hau nama. Dokar gandun daji ta 8 ga Yuni 2004 ta tsara saran icce da sayar da shi, gawo kuma yana cikin itatuwan da aka kare. Wanda ke son taɓa babban reshe, ko yin gawayi don kasuwa, sai ya fara zuwa wurin ma'aikatan gandun daji.

Aikin tano

Ana neman tanon ƙarfe mai cin lita 200, mai murfi. Wanda ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari ba a amfani da shi sam. Wanda ya ɗauki mai kuma ba a yanka shi sai an wanke an cika shi da ruwa, don tururin da ya rage yana iya fashewa. Sai a huda ƙananan ramuka biyar ko shida a gindinsa, a ɗora shi bisa duwatsu uku, nesa da rumbu, da zana, da darnin kara.

Ana yanka rassa tsawon kamu guda, kaurinsu kamar na dantse ko ƙasa da haka, kuma su zama kusan ɗaya, don su nuna tare. Lalle ne su bushe sarai. A hura ƙaramar wuta a gindin tano, in ta kama sai a jera itace a matse har baki, a ɗora murfi a bar ɗan tsagi. Daga nan sai kallon hayaƙi. Bayan ƴan sa'o'i zai sirance ya koma shuɗi-shuɗi. Wannan ita ce alama. Sai a janye duwatsun da sanda, a tara rairayi kewaye da gindi, a liƙe murfi da ɗanyen yumɓu, a bar shi ya kwana. Mai garaje da ya buɗe da zafi, iska za ta shiga, gawayinsa ya kama da wuta a gabansa.

Gawayi mai kyau baƙi ne har ciki, yana ƙyalli inda aka karya shi, yana kuma ƙara kamar ƙarfe in an buga biyu. Wanda cikinsa ya fito ja-ja bai nuna ba, a ajiye shi don zubi na gaba. Kafin a ɗura a buhu a shanya shi yini guda a fili, domin sabon gawayi yakan kama wuta da kansa.

Hattara biyu

Ta farko, ba a yin wannan aiki ranar da iskar hunturu ke kaɗawa, kuma a sanar da maƙwabta saboda hayaƙi. A ajiye ruwa da rairayi kusa, a nisantar da yara. Ta biyu ta fi girma: garwashi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Wanda ya shigar da murhun gawayi ɗaki lokacin sanyi ya rufe ƙofa yana iya yin barcin da ba a tashi. Ciwon kai da jiri su ne alamunta na farko, maganinsu a fita waje nan take a nufi asibiti.

Wajen gashi kuwa, mahauta sun riga sun koyar: ba a kusantar da nama sai harshen wuta ya kwanta, farar toka ta lulluɓe garwashi. A lokacin ne tsire ke nuna a hankali, ƙuli da yaji su kama shi ba ƙauri. Magidancin da ya tara rassan sassabensa tun bayan girbi, ya cika tano sau biyu ko uku, zai tarbi Salla da gawayinsa a zaure, gawonsa kuma yana nan tsaye a gona yana jiran damina.