Ƙoton Ƙarya: Yadda Masu Fatsa A Amurka Ke Haɗa Shi A Gida

Duk mai fatsa ya san wahalar neman ƙoto. Kafin ya je bakin ruwa sai ya tono tana, ko ya nemo gara ko hanjin kaza. Da rani kuwa ƙasa ta bushe, tana ta yi nisa. Wani lokaci ma bayan duk wannan wahala sai ƙananan kifaye su cinye ƙoton tas, su bar masa ƙugiya ba komai.

A ƙasar Amurka akwai masu fatsa da yawa waɗanda ba ruwansu da tana. Ƙoton ƙarya suke sa wa kifi, wanda ba ya ruɓewa kuma ba ya ƙarewa. Ɗaya daga cikin irin wannan ƙoto shi ne wanda suke kira jig. Ana sayar da shi a kanti, amma mutane da dama sun fi son su haɗa nasu a gida, domin ya fi araha, kuma mutum zai yi shi yadda ransa ke so.

Kifin Da Ake Yi Dominsa

Kifin da suka fi nema da wannan ƙoto sunansa bas. Kifin tafki ne da kogi, mai ƙaton baki, bayansa kore-kore, cikinsa fari. Ba ya cin ciyawa. Mafarauci ne, yakan laɓe a gindin kututture ko cikin ciyayin ruwa, in ƙaramin kifi ko kwaɗo ya gifta sai ya zabura ya haɗiye shi. Yana kuma son wani ƙwaron ruwa mai kama da jatan lande, mai hannuwa irin na ƙaguwa, wanda ke rarrafe a ƙasan ruwa.

Bas bai kai giwan ruwa girma ba ko kusa. Wanda ya yi suna don girma shi ne wanda George Perry ya kama a jihar Jojiya a 1932, nauyinsa kilo 10 da 'yan kai. Sai a 2009 aka kama kamarsa a tafkin Biwa na ƙasar Japan. Yawancin masu kama shi don nishaɗi da gasa suke yi, har da yawansu sukan mayar da kifin ruwa bayan sun auna shi. Wannan kam masuncin da ke ciyar da iyali da su zai ji shi banbaraƙwai.

Abin lura shi ne halin kifin. Mafarauci ba ya tsayawa yana shinshina. Motsi yake gani ya kai cafka. Wannan hali shi ake bi a yaudare shi.

Yadda Ake Zuba Kai

Jig abu uku ne a haɗe: ƙugiya, da kai mai nauyi, da gashi. Kan yana manne a wuyan ƙugiya, kusa da idon da ake ɗaura zare. Shi ke jan ƙoton zuwa ƙasa. Saboda yadda aka zaunar da nauyin, tsinin ƙugiya sama yake kallo, shi ya sa ba ta cika maƙalewa a dutse ba.

Da dalma aka saba yin kan. Dalma tana da nauyi, tana da laushi, kuma ba ta da wuyar narkewa. Ruwa yana tafasa a zafin digiri 100, ita kuwa tana narkewa a digiri 327. Wutar gawayi ma ta ishe ta.

Mai haɗawa yana da abin zubi na ƙarfe mai ɓari biyu, yana buɗewa yana rufewa kamar littafi. A ciki an fafe 'yan ramuka masu siffar kan. Da farko zai ɗumama shi, don in da sanyi dalma za ta daskare tun ba ta cika ramin ba, kan ya fito a gutsure. Sai ya kwantar da ƙugiya a gurbinta, ya rufe, ya ɗebo narkakkiyar dalma da ludayin ƙarfe ya zuba ta ƙofar da ke sama, zubi ɗaya ba tsayawa. Nan da nan take daskarewa. Sai ya buɗe, ya ciro da filaya, ya datse ragowar da ta toho a saman kan.

Nauyin da aka fi yi shi ne giram 7, ko 10, ko 14. Mara nauyi don ruwa mara zurfi, yana nutsewa a hankali. Mai nauyi don ruwa mai zurfi ko mai gudu. Wasu sukan dasa 'yan tsinkayen roba masu tauri a gaban tsinin ƙugiya, su riƙa ture ciyawa. In kifi ya ciza sai su lanƙwashe, tsinin ya shiga.

Fenti Da Gashi

Sabuwar dalma tana ƙyalli, amma ba ta daɗewa sai ta yi duhu kamar toka. Don haka ake yi mata fenti. Wanda aka fi so a can garin fenti ne, kamar hoda. Za a riƙe ƙugiya da filaya, a kara kan a wuta na ɗan lokaci kaɗan, a tsoma shi cikin garin a fizgo da sauri. Zafin ne ke narka garin ya lulluɓe kan sumul. In kan ya yi zafi da yawa fentin zai yi kauri yana ɗiga. In bai yi zafi ba zai fito da garinsa, bai narke ba. Da yi ake gane daidai.

Akwai wani ƙaramin aiki da sabon shiga ke mantawa. Fenti yakan toshe idon ƙugiya. Dole a huda shi da allura tun yanzu, domin bayan haka za a rataye kawunan a gasa su a zafin digiri 175 na kamar minti 20, fentin ya yi tauri. Wanda bai huda ba sai ya je bakin ruwa ya tarar zare ba shi da hanya.

Wanda ba shi da garin fenti yakan yi da fentin gwangwani, ko ma da jan farce na mata. Za a fara shafa fari, ya bushe, sannan a ɗora launin da ake so. Sai dai wannan bai kai wancan ƙarko ba, dutse yana kankare shi.

Zaɓen launi kuwa ruwa ake dubawa. In ruwa ya gurɓace ya yi ja, baƙi da shuɗi ake sawa, don duhun abu ya fi fitowa a irin wannan ruwa. In ruwa garau yake, sai kore mai duhu ko ruwan ƙasa, launin wancan ƙwaron da bas ke so. Fari kuma yana kwaikwayon ƙaramin kifi. A kantuna akwai launuka barkatai, har masu fatsa kan yi barkwanci cewa yawancinsu mai saye suke kamawa, ba kifi ba. Da gaskiyarsu. Launi uku ko huɗu sun isa.

Daga nan sai gashi. A da gashin jelar barewa aka fi ɗaurawa, ko gashin tsuntsu mai laushi. Yanzu siraran zaruruwan roba sun fi yawa. Za a jera gashin ya kewaye wuyan ƙugiya, a naɗe da zare tamau, a ɗiga gam a kan ƙullin, a datse shi ya ɗan wuce ƙugiyar kaɗan. Kada a cika shi. Gashi mai yawa dunƙulewa yake yi, kaɗan kuwa yana buɗewa yana rufewa a ruwa kamar mai numfashi.

Jefawa

Wannan ƙoto ba a jefa shi a je a zauna. Ba shi da ƙanshi, ba shi da rai, hannun mai fatsa ne ransa. Za a jefa kusa da maɓoyar kifi, a bari ya nutse har ƙasa, a ɗaga sanda kaɗan, a sake shi ya koma. Haka za a yi ta yi yana tsalle-tsalle. Yawanci lokacin da yake komawa ƙasa ne kifi ke cafka. Don haka ido yana kan zare. Da an ga ya motsa ko ya nufi gefe, sai a fizga.

A ruwayen ƙasar nan, irin su Kainji da Tafkin Chadi, akwai kifayen da ke da halin farauta. Giwan ruwa da tsage duk suna kai wa ƙoton ƙarya cafka. Sai dai giwan ruwa na son babbar ƙugiya da zare mai ƙarfi, tsage kuma haƙoransa na datse zare, sai an sa 'yar waya a gaba. Tarwaɗa ita ƙanshi take bi, a wajenta tana da hanjin kaza ba su da na biyu.

Dalma Guba Ce

Nan ne maganar take da nauyi. Dalma guba ce, kuma fenti ba ya kashe gubarta. Ƙurarta tana shiga jiki ta baki da hanci, ta taru a jini da ƙashi. Yara ƙanana ta fi yi wa illa: tana taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya kasa ɗaukar karatu, in ta yi yawa ta kawo jijjiga har da mutuwa. Mai ciki kuma tana iya kai wa ɗan da ke cikinta.

Mutanen Zamfara sun ga wannan da idonsu. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, sanadiyyar ƙurar dalma da ke cikin duwatsun zinariya da ake daka wa a cikin gidaje.

Su ma tsuntsaye ba su tsira ba. Suna haɗiye dalmar da ta tsinke a ruwa su mutu. Saboda haka Ingila ta hana amfani da ƙananan dalmar fatsa tun 1987. Jihar New Hampshire ta Amurka kuma, daga 2016, ta hana sayar da jig na dalma da bai wuce giram 28 ba, ta kuma hana jefa shi a tafkuna da kogunanta. Masu haɗawa da yawa sun koma kuza da wasu ƙarafa marasa guba.

Wanda ya ce lallai sai ya narka dalma, to ya yi a fili inda iska ke kaɗawa, nesa da madafa, nesa da yara da masu ciki. Tukunya da ludayin da suka taɓa dalma sun bar girki har abada. Kada ya ci goro ko abinci yana cikin aikin, in ya gama ya wanke hannu da sabulu ya sake tufa. Kada ko ɗigon ruwa ya faɗa cikin narkakkiyar dalma, domin fashewa take yi ta watsu a fuska. Kada ya fasa tsohon batirin mota don neman dalma, akwai ruwan batir da wasu gubobi a ciki. Masu datse dalmar taru ko ta birgi da haƙori su ma su daina.

Akwai hanyar da ba sai an hura wuta ba. A samo ƙaramin noti na ƙarfe, irin na keke, a zura shi a wuyan ƙugiya kusa da ido. A ɗaure shi da siririyar waya ya zauna ta ƙasa, yadda tsini zai kalli sama. A shafa fenti don kada ya yi tsatsa, a ɗaura gashin akuya ko na kaza. Ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, don haka notin zai ɗan fi girma. Kafin a kai shi kogi a gwada shi a cikin bokitin ruwa. In ya kwanta a gefe, a gyara ɗaurin har ya zauna daidai.