Garwa Nawa Lambunka Ke Sha?

Jama'a, sau da yawa in mun zaga makarantu muna tambayar yara lissafin kuɗi su amsa nan da nan, amma kadan muka ce musu, "Ruwa nawa lambun gidanku ke sha a yini?" sai su yi tsit. Iyayensu ma haka. To, a Lafagu da sauran ƙauyukan ƙasar Bagudo, kusa da iyakar Benin wadda ake kira Dahomey kafin 1975, wannan tambaya ba ta wasa ba ce. Kogin Kwara yana ratsa ƙasar, amma ba kowa ke bakinsa ba. Wanda ke tudu, rijiya ɗaya ce ta sha, ta girki, ta dabbobi, kuma ta albasa da tumatir. In ya shuka fiye da ƙarfinta, watan Afrilu na zuwa sai ta ja baya, shuka ta bushe gab da nuna, uwargida kuwa ta rasa na tukunya.

A Ingila da Amurka mutane kan yi irin wannan lissafi domin ciyawar ado da suke shukawa a ƙofar gida. Mu nan ciyawa ta awaki ce, amma ƙa'idar ɗaya ce: ruwa mai zurfin milimita 1 a bisa fili mai mita 1 tsawo, mita 1 faɗi, lita 1 ke nan daidai.

Ga yadda muke koya wa ɗalibanmu a makarantar horon malamai. A sami daro mai faɗi, a zuba ruwa, a aje shi a fili inda rana da iska ke samunsa, a kāre shi daga kaji. Kowace safiya a tsoma rula a ga abin da ya ragu. Da yake ruwan daro ya fi saurin ƙafewa bisa ga abin da shuka ke sha, sai a ɗauki kimanin kashi 7 cikin 10. Misali, kadan ya ragu da milimita 10, shuka na neman 7. Lambu mai mita 10 da mita 5, watau murabba'i 50, zai sha lita 350 ran nan: jarka 14 mai lita 25, ko garwa kusan 20 ta tsohon awo. In muka ba kowane mutum lita 20 a yini, ashe wannan ɗan lambu ya shanye rabon mutum 17!

Lokacin hunturu abin kan yi sauƙi, da bazara ya hau. Saboda haka lalle a yi lissafi da watan Maris da Afrilu, ba da Disamba ba, sa'an nan a ƙidaya guga nawa rijiya ke bayarwa kafin ta kai laka, a fid da na gida tukuna. Abin da ya saura shi zai faɗi girman lambu.

Jigawa ba ta riƙe ruwa kamar fadama, sai a ba ta kaɗan-kaɗan, safe da maraice. A rufe gindin shuka da ƙaiƙayin shinkafa, abin da ba ya wuya a Jihar Kebbi. Ruwan alwala kuwa a yi masa hanya zuwa gindin zogale ko mangwaro.

Muna roƙon malaman makarantu su aje daro guda a gonar makaranta bana, yara su riƙa rubuta awon a allo kowace safiya.