Me Muke Nufi da "Gudummawa" a Ƙungiya?

Kowane mako a wurin taro za ku ji kalmomi biyu: zubi da gudummawa. Duka kuɗi ne ake miƙawa a gaban kowa, amma ba hanyarsu ɗaya ba, kuma cuɗanya su ne ke jawo rigima ranar rabo.

Zubi naki ne. Ana buga miki hatimi a littafinki, hannu ɗaya zuwa biyar gwargwadon ƙarfinki, ranar rabo ya dawo miki da ribarsa. Gudummawa kuwa, da zarar ta bar hannunki ta zama ta ƙungiya. Kowa daidai take bayarwa. In an tsayar da naira 100, to mai shago da mai tuyar ƙosai duk 100 ne. Jakarta daban a cikin akwati, ba a haɗa ta da kuɗin rance.

Kalmar ba baƙuwa ba ce. In gobara ta tashi a unguwa, maƙwabtan da suka rugo da bokitai gudummawa suka kawo, kuma babu mai tsayawa ya tambayi ladansa. Wannan ma'anar muka ɗauko. Inda ake samun ruɗani shi ne, mu mata mun saba da gudummawar biki da suna, wadda ake rubutawa, in naki ya tashi a rama miki, wani lokaci ma a ninka. Tamu ba haka take ba fa. Kina iya shekara kina bayarwa ba ki karɓi ko kwabo ba, 'yar uwarki kuma ta karɓa sau biyu, saboda ɗanta ya kwanta asibiti, daga baya aka yi mata rasuwa. Ba a cuce ki ba. Ita ma ba bashi ta ci ba, don haka babu mai yi mata gori.

Shi ya sa tun ranar da kuke tsara dokokinku, kafin matsala ta sami kowa, ku zauna ku tsayar: wace lalura ce za a fitar wa kuɗi, nawa kuma? Rashin lafiya, rasuwa, gobara, rushewar ɗaki da damina. A ganina dai a bar biki da anko a waje. Biki da sanarwa yake zuwa, ana iya yi masa tanadi ko a ɗauki rance. In an ƙarar da jakar a kansa, ranar da wata za ta buƙaci ƙarin jini sai a buɗe a tarar babu komai.

Abin da ya rage a jakar a ƙarshen zango, a ƙirga shi a gaban kowa, sakatariya ta rubuta, a shiga da shi zango na gaba.